Damin da Ya Riga Shiga Rumbu

Mu bakwai ne jikokin Ige, amma idan aka zauna gaban wuta sai ka rantse jika ɗaya Allah ya ba ta. Balkisu ce, 'yar ƙanen babana, wadda na girme ta da wata huɗu cur. A ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, da an gama girbi sanyi ya fara sauka, Ige kan sa a hura karan dawa a tsakar ɗakinta bayan mun ci tuwo. Ni ce mai ɗebo karan, ni ce mai hurawa har idona ya yi ja. Amma da wuta ta kama sai in ji, "Matso nan Balki, kar sanyi shi kama ki." Ni kuwa sanyi bai san hanyar jikina ba ke nan. Abin yana cina ƙwarai, kuma ban iya ɓoyewa ba.

Akwai al'ada a garinmu, bayan girbi kowane gida ya kai abin da ya sawwaƙa rumbun taimako da ke bayan masallaci, a ajiye wa marasa ƙarfi zuwa damina. Wata shekara ni na sussuke geron da Ige za ta bayar, har tafina ya yi kanta. Da aka zo kaiwa sai ta ɗora wa Balkisu ƙwaryar a ka. Ta tafi tana rangwaɗa, ta dawo tana ba mu labarin albarkar da dattawa suka sa mata. Da yamman nan na zauna can bakin ƙofa na juya wa wuta baya.

"Luba," in ji Ige, "wanga baki da kinka turo, ko tukunya anka aza mai sai ta zauna daram. Juyo ki ji gatana."

Ban juyo ba, amma kunnena yana wurin.

Ta ce a wani gari an yi mata biyu maƙwabta, Lanti da Tabawa, kowacce da gayaunarta. Garin yana da rumbun taimako irin namu, kuma duk damin da ya riga shiga, mai shi ake ambata da suna a yi masa addu'a gaban jama'a. Shekara da shekaru damin Lanti ne ke fara shiga, don geronta kan riga nuna. Tabawa takan tsaya a baya tana cewa amin, zuciyarta kamar ta fashe. Wata shekara ta ce ba za ta saɓu ba. Ta yanke geronta bai gama shan iska ba, ta jera busassun zangarniyoyi a waje, ta cusa ɗanyun a ciki, ta ɗaure tam. Damin ya yi nauyi, ya yi kyan gani. Aka sa shi can ƙasan rumbu, aka kira sunan Tabawa, aka yi ta addu'a, sauran damman gari suka hau kansa.

Nan Ige kan rage murya. "Ita ta ji daɗinta rana guda. Shi kau dami yana can cikin duhu yana zuhwa, yana taɓa na kusa da shi."

Da marka ta zauna, hatsi ya ƙare a gidaje, aka buɗe rumbu. Wari ya buge mutane. Rabin geron ya yi baƙi ya dunƙule. Cikin masu jiran awo har da ɗiyar Tabawa ta cikinta, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ta koma gida da ƙwarya a kife, uwarta na tsaye tana kallo.

Sauran yara suka yi ta tsine wa Tabawa. Ni na juyo a fusace na ce, "To ita Lanti mi za shi rage ta in ta bari anka riga ta ko sau guda?"

Ige ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke dai kin san inda abin yat taɓa ki."

Ige ta daɗe da rasuwa. Aure ya kawo ni Gummi, ya kuma kawo Balkisu unguwa ɗaya da ni, don Allah bai nufa in huta ba. Mu matan unguwa muna da ɗaki guda da muke tara abinci, masu shinkafa su kawo, masu gero da wake su kawo, har ma'aikatan asibiti baƙi kan kawo gari da mai. Muna rabawa zawarawa da waɗanda suka baro ƙauyukansu ba shiri. Aikin sa kai ne. Ni ke shara, ni ke tsince tsakuwa a wake. Makulli kuwa, wa kuke zaton aka damƙa wa? Hajiya Balki mana, mai amana, mai hannun albarka. Na taya su yabonta da baki, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani.

Bara aka sa Juma'a ranar fara tarin sabon amfani. Shinkafar da maigida ya ba ni daga fadama kwana ɗaya kawai ta sha rana. Na ciji ƙwaya, ba ta ce ƙas ba, ta lotsa a haƙorina. Na san me wannan ke nufi, ba yau na fara shanya ba. Amma na ji labari buhu ɗaya Balkisu za ta kai. Sai na ɗure biyu, na ɗinke baki, na sa aka tura a baro tun hantsi. Mata suka yi ta guɗa, aka ce Luba ta ciri tuta. Wallahi na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Daɗin bai kai la'asar ba. Ina wanke kwanoni sai muryar tsohuwar nan ta faɗo mini, dami yana can cikin duhu yana zufa. Na tuna wata mata mai goyo da ke zuwa karɓar awo, kullum sai ta durƙusa ta gaishe ni da "Inna". Shekara talatin da wani abu ina ganin gatanar nan Ige ta ƙaga ta ne don ta kare 'yar gaban goshinta. Ranar na gane ni take ji wa tsoro. Ta ga abin da ke cikina tun ina ƙarama, ta kuma san wanda zai sha wuyarsa ba Balkisu ba ce, wani ne can da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Washegari na tafi gidan Balkisu. Na ce ta ba ni makulli, shinkafata ba ta bushe ba.

Ta ce, "Na sani, Yaya. Tun da anka sauke na sa hannu naj ji ɗumi. Zo ki gani."

Ta ja ni bayan ɗakinta. Ga shinkafata nan baje a kan leda tana shan rana, ta kafa kara da tsumma don kaji. Tun jiya da mata suka watse ta sa aka dawo da buhunan gidanta.

"Wa kinka gaya wa?" na tambaya.

"Wa za ni gaya wa? Jibi ta bushe mu maida, sunanki na nan bisa buhu."

Na durƙusa na shiga motsa shinkafar da hannu, don in sami inda zan kai idona. Na so a ce ta tona ni gaban mata, ko ta yi mini gori, in samu abin riƙewa a kanta. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Na gode mata, har cikin raina na gode. Amma a hanyar gida na kama kaina ina cewa, ji wannan zuciya da Allah ya ba ta, ni me ya sa bai ba ni irinta ba?