Ranar da Na Ƙi Kashe Jar Wuta

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin rewaya, wato gyaran wutar mota, a Jos, ba zan manta ranar da na kwashe kayan aikina daga garejinmu na Gada Biyu ba, mutanen da na taso a gabansu suna kallona.

A garejin nan na zama mutum. Mai shi, wanda duk muke kira Baba, shi ya karɓe ni daga hannun mahaifina a Gangare, ya koya min wayar mota tun daga ɗaura fitila. Shi ya tsaya min a aurena. Da motocin haibirid suka fara shigowa gari, waɗanda ke tafiya da fetur da kuma babban batir, yawancin kanikawa gudunsu suke yi. Ni na nace na je na koya, na sayi safar roba mai kauri da kwamfutar duba mota. Aka yi ta min dariya, ana kirana likita. Da fetur ya yi tsada kowa ya koma neman irin motar, dariyar ta tsaya da kanta.

Wata damina aka jawo mana wata haibirid fara, fes da ita, sai ƙyalli take. Ta wani Alhaji ce, dillalin motoci, kuma shi ke kawo mana mafi yawan aikin da muke ci da shi. Motar ta ƙi tashi, jar wuta na ci a gaban direba. Ina ɗaga kujerar baya, inda babban batir yake a ƙarƙashi, na ji warin danshi. Na sa safa, na zare filogin nan mai launin ruwan lemo da ke yanke wutar babban batir, na jira, sannan na buɗe murfin batirin. Laka ce busasshiya a cikin fankar da ke sanyaya shi, kawunan wayoyi duk sun yi kore. Motar ta sha ruwa, kuma ba kaɗan ba. Kwamfuta ta tabbatar min da abin da nake tsoro: wuta na zurarewa tana taɓa jikin mota. Shi ya sa ta ƙi tashi. Ba taurin kai take ba, kare mai shigarta take.

Na yi wa Alhaji bayani, na ce sai dai a canja batir da wayoyinsa gaba ɗaya. Ya dafa kafaɗata yana murmushi.

"Oga likita, wa ya ce ka yi tiyata? Ka ɗaure abin da ke kai ƙarar nan, ka kashe jar wutar. Na riga na samu mai saye."

Na ce, "Alhaji, in na ɗaure za ta tashi. Amma wata rana ko ta kama da wuta, ko ta ja mutum."

"Wata rana ta Allah ce," in ji shi, ya wuce rumfar Baba.

Na san yadda ake yin abin da yake so, aiki ne da ba zai kai ni azahar ba. Na kuma san ba mai kama ni. Wannan ne ma ya fi ɓata min rai, yadda kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Baba ya kira ni gefe, ya yi ƙasa da murya. Ya ce in duba yawan bakunan da ke ci a garejin nan, in Alhaji ya ɗauke ƙafa, wa zai riƙe su? Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma har yau ba na kiransa mugu. Tsoho ne da nauyi ya yi wa yawa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka sa ni kowane aiki, ko sharar gareji ce. Wannan kam ba zan yi ba."

Muna cikin haka mai sayen ta iso a keke. Wata dattijuwa ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, da lema a hannu. Ta zagaya motar tana shafa ta, tana faɗin da ita za ta riƙa kai jikokinta makaranta, ranar Lahadi kuma coci. Alhaji ya ce ɗan gyara ne ya rage, gobe ta zo ta ɗauka. Sai ta juyo ta gan ni da safa a hannu.

"Ɗana, kai ne mai gyara? Motan yana da lafiya?"

Na ga Baba ya kafe ni da ido. Duk da haka na buɗe ƙofar baya, na nuna mata lakar da koren wayoyin.

"Mama, kar ki saya. Ta sha ruwa. Ni ba zan sa 'ya'yana a cikinta ba."

Ta daɗe tana kallon wurin. Ta dubi Alhaji. Ni ta ce wa, "Allah ya kiyaye ka," ta buɗe lemarta ta tafi.

Abin da Alhaji ya zazzage min ba zai maimaitu ba. Ƙarshe ya ce ko ni ko shi a garejin, ya kuma miƙo hannu in ba shi filogin motarsa. Ban ba shi ba. Na taka har gaban Baba na sa masa a tafin hannu.

"Ga shi, Baba. In za a mayar, da izininka za a mayar. Ba da hannuna ba."

Ya juya filogin, ya sake juyawa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka kunyata ni a gaban baƙona. Kwashe kayanka."

Na kwashe. Ban roƙi kowa ba, ban kuma aika a ba da haƙuri ba, duk da 'yan'uwa sun yi ta matsa min, har da kawuna da ya zo gida takanas. Na ce masa gaisuwa zan je in yi wa Baba duk ranar da ya so, amma haƙuri na mai laifi ne. Na kafa tebur a bakin titi wajen Tina Junction, ba rumfa, sanyin Jos na shiga har ƙashi. An yi kwanakin da na koma gida ba abin da na taɓa sai kwan fitila. Matata ba ta taɓa cewa in koma ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Motar, an ce an ɗora ta a tirela an fita da ita gari. Ban san hannun wa ta faɗa ba, kuma abin yana damuna har yanzu. Baba ya daɗe yana amsa gaisuwata a daƙile. Daga baya sai na fara ganin haibirid na zuwa min, in na tambayi wa ya turo, a ce wani tsoho a Gada Biyu. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma haka.

Abin da na koya shi ne, mai mota ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin kujerarsa, da idon mai gyara yake gani. In aka ce ka rufe masa wannan idon, ka ƙi, ko da wanda ya rene ka ne ya ce. Rumfa ana sake ta, amma ran da ya salwanta ta hannunka ba ka da inda za ka samo wani.