Ranar da Na Soke Nasarar Jirgin Alhaji Bature

Har na yi ritaya ban manta da wata Asabar a dam ɗin Mairuwa ba. Ina mataimakin jami'in wasanni aka ba ni alƙalancin tseren kwale-kwale na masunta, don ni kaɗai na taɓa zuwa kwas kan tseren jiragen da iska ke turawa. Daga can muka aro dokar shan kwana.

Dokar ba ta da wuya. Akwai jarka mai tuta a tsakiyar ruwa, kowa sai ya zagaye ta. In jirage biyu suka doshe ta, goshin na baya ya riga ya wuce gindin na gaba ta ciki, to sun jeru, dole na waje ya ba na ciki hanya. In bai kai ba, na baya ne zai kauce. Sau uku na karanta wa matuƙa wannan kafin in busa usur.

Shugaban kwamitin tseren, Alhaji Bature, ya sa nasa jirgin, an rangaɗa masa fenti har da sunansa. A wajen jarka wani masunci, Malam Sale, ya shigo ta ciki, goshinsa ya kai rabin jirgin Alhaji. Maimakon mutanen jirgin Alhaji su buɗa, sai suka matse shi. Jirgin Sale ya kife, aka tsamo shi da ƙanensa, girar Sale a fashe. Jirgin Alhaji ya zo na ɗaya, ni kuwa na soke nasarar.

Alhaji ya kira ni ƙarƙashin rumfa. "Kai, jirgina ne gaba ko ba shi ba?"

"Shi ne, Alhaji, amma sun jeru."

"Mi ne ne jeru? In motata na gaba bisa titi, wa ke kauce ma wani?"

Mutumin da ko ƙafa bai taɓa tsomawa a dam ba, shi ke koya mini dokar ruwa da mota! Ogana kuwa, wanda da hannunsa ya sa wa dokar hannu, ya hau sosa ƙeya yana cewa ƙila akwai gyara.

Sai na kira Ɗanlami, matuƙin jirgin Alhajin, na tambaye shi gaban kowa inda goshin Sale yake.

Ya sunkuyar da kai. "Daidai ƙuguna, ranka shi daɗe. Na gan shi."

Alhaji ya tattara babbar riga ya shige mota. Kofin gasar ya tafi ga jirgin da ya zo na biyu, Sale ya tashi da ɗinki a gira, ni kuma kafin wata ya ƙare aka tura ni wani ƙauye kula da filin ƙwallon da awaki ke kiwo a ciki.

Ku da kuke aiki yanzu, ku sani doka ba ta wahalar da mai tuƙi, ko ta ci shi zai amsa. Waɗanda ke zaune a inuwa da gorar ruwan sanyi, su ne kullum ba su gane ta ba.