Babban Yatsan Yayana

Shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, yayana ya samu buɗi a fataucin albasa. Ya bar mini noman gonar gadonmu a Danwarai, ya koma Aliero, ya sayi firji. Tun daga nan ya raina ruwan randa da fura. Lemon kwalba yake sha da safe, ya sha da rana, ya kora tsire da kayan ciki da shi. In na kai masa ziyara, sai ya buɗe kwalba da haƙori ya shanye a gabana, ni kuma a miƙo mini moɗa.

Wata safiya ya tashi babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi jawur, ko gefen zane ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Aka kai shi wurin mai ɗori. Tsohon ya lallatsa, ya ce babu karaya, babu targaɗe. Daga nan wani malaminsa ya gaya masa sammu ne, na jininsa ya binne masa abu a gona. Na jininsa da ke shiga gonar kuwa ni kaɗai ne.

Ya zo a bayan babur, ƙafa ɗaure da tsumma, da ƙarti biyu riƙe da fartanya. Lokacin irin albasata ya kai dashe.

"Mi kab binne mani nan?" in ji shi.

Na ce, "Yaya, iri na, ka gan shi da idonka."

Ya ce su tona. Ina tsaye suka birkice wurin kaf, mutanen gari na kallo. Ba su samu ko tsinke ba. Ya ce ai na riga na sauya wa abin wuri. Shekarar ban yi albasa ba, kuma matata ta daina zuwa biki saboda nuni da baki.

Da ciwon ya hau gwiwa, mahaifiyarmu ta tilasta ni na raka shi asibitin Jega. Ban so ba. Wani matashin likita ya duba, ya sa aka ɗebi jini, ya tambayi abin da yake ci da sha. Ya ce sunan ciwon gawut. Sukarin lemo da yawan nama ne ke ƙara wani datti a jini, ya taru a gaɓa kamar garin kwalba. Ya rubuta magani, ya ce a bar lemo, a yawaita ruwa.

A ƙofar asibiti na tsaya ina jiran kalma ɗaya ta ban haƙuri daga bakin yayana. Ya dube ni ya ce, "Wanga yaro na boko mi ya sani?" Ya aika aka sayo masa lemo mai sanyi.

Na bar shi nan, na hau motar gida ni kaɗai. Kafin damina na kira dattawa aka raba gonar, na dasa aduwa a iyaka.

Daga baya ciwon ya kwantar da shi har ya bar lemon don dole, ya kuma samu sauƙi. Bai taɓa zuwa Danwarai ya wanke ni a gaban waɗanda ya tara ba. Mahaifiyarmu ta roƙe ni in yafe, na ce mata to, don kada ranta ya ɓaci. Muna gaisawa ranar Salla da wurin jana'iza, iyakarta ke nan.