Dattijuwar da Ta Zo Cinikin Mota da Guzurinta

Tun ranar Talata ba ni da abin hawa, ranar da tsohuwar motata ta yi hayaƙi ta mutu a tsakiyar babban titin birnin Toledo, tireloli suna wuce ni a guje. Litinin zan fara aikina na farko bayan gama jami'a, kuma bas ba ya zuwa can. Shi ya sa nake zaune a wurin sayar da motoci, ina kallon wata dattijuwa.

Gajeruwa ce, gashinta fari fat, da takalmin gudu a ƙafarta. Ta buɗe but, wato wurin kaya na bayan wata mota mai ƙofa huɗu, ta saka keken guragu a naɗe, ta rufe, ta gyaɗa kai. Ina jin na mijinta ne, yana gida yana jiranta.

Dillali ya rubuta farashi ya tura mata. Ta leƙa ta kwashe da dariya.

"Haba ɗana, mota ɗaya na ce, ba biyu ba."

"Madam, sai na tambayi manaja."

"Ka gaishe shi. Yau ƙarshen wata, ku ne ba ku cika adadin motocin da aka ce ku sayar ba. Ni ba na sauri."

Ta fito da burodi da shayi daga jaka, ta miƙo mini rabi. "Ci, 'yata. Mai jin yunwa shi ke saurin sa hannu."

Na ci. Da nawa dillalin ya zo, na zaftare dala dubu biyu daga farashin da ya rubuto. Ya shiga ofishin manaja, har yanzu bai fito ba.