Irin Gero na Gidan Rediyo

Mijina ne ke karanta labarun Hausa a gidan rediyon gwamnati na yankinmu, a Filingue. Zamanin soja ya san abin da ba a faɗa, bai taɓa tuntuɓe ba. Nakan tsokane shi cewa bakinsa ya fi ƙofar rumbu rufuwa.

Da soja suka koma bariki, sai kuɗin gwamnati ya ja baya, har injin wutar gidan rediyon ya kwanta. Wani kamfanin Yamai mai sayar da irin gero ya kafa musu faranti mai zuƙar hasken rana. Sharaɗinsa guda ne: wanda ya karanta labaru shi zai karanta tallarsa. Sun san mu sarai. A yankinmu na Kurfey ba a raba labari da talla in murya ɗaya ce ta faɗe su.

Ruwan farko ya fara sauka ta wajen Tondikandia. Ranar kasuwa manoman can suka zo gidan rediyo, suka ce sun shuka irin, ko tsiro babu. Mijina ya shirya labarin. Darakta ya nuna masa farantin da ke kan rufi, ya ce in aka cire shi, ko sanarwar rasuwa ba za a ƙara ji ba. Labarin bai fita ba. Ban ga laifin daraktan ba, shi ma idonsa ya yi ja.

Abin da ya hana mijina cin tuwo shi ne tsohonsa, can ƙauye bayan Bonkoukou, wanda bai taɓa kuskure labarun ɗansa ba. Mijina ya ari babur, na hau baya.

Mun tarar an yi ruwa, tsoho ya gama shuka irin kamfanin. Damin da yake ratayewa a rumbu don iri kuwa, tuni ya ba matan gida sun dake, tunda ɗansa ya ce an samu wanda ya fi shi.

Mijina ya durƙusa ya faɗi komai. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Tsoho bai yi faɗa ba. Ya ce iri dai a roƙa wurin dangi. Sai ya dubi rediyon da ke rataye a reshen gawo.

"Ni ka taho ka hwaɗa min, Allah shi yi ma albarka. To, sauran da suka ji ka, wa za shi tahi shi hwaɗa musu?"