Baki Kawai, Ban da Ido

Ƙanwata da ido take ji. Zazzaɓin da ta yi tana goye ne ya tafi da yawancin jinta, amma in mutum yana gabanta tana kallon bakinsa, babu abin da yake wuce ta, da Hausa ne ko da Larabci. A gidanmu na unguwar Misfala a Makka, saman shagon da Baba yake sayar da darduma da carbi, ita ce rediyonmu. Takan tsaya a taga ta hango masu shagon ƙetaren titi suna cacar baki, ta juyo ta gaya mana wanda ya ce an janye masa alhazai.

Da ta isa shiga makaranta, aka ce sai ta je gaban kwamiti. Ablar ajinmu, haka muke kiran malamai mata, ita ta yi mini bayani don in kai gida. Ta ce doka ta kasa yara masu buƙata ta musamman gida-gida, kowane gida da ma'anarsa a rubuce. Akwai kurma, wanda jinsa ba zai ishe shi bin magana ba ko an sa masa na'urar kunne. Akwai mai raunin ji, wanda da na'ura da kallon baki zai iya bin darasi. Akwai mai raunin fahimta, shi kuma nasa daban. Sunan da kwamiti ya ba yaro shi ne ƙofar da zai shiga.

Masu raunin ji suna da aji a makarantarmu, can ƙarshen baranda kusa da famfon ruwan sanyi. Sauran kuwa sai wata makaranta mai nisa, gaba da Aziziyya, a mota. Baba ya riga ya ce ba zai sa yarinyar da ba ta jin hon a motar da bai san direbanta ba. Ke nan ko dai ajin kusa da famfo, ko zaman gida. Takardar asibiti kuma ba ta raba gardama ba, don ma'aunin kunnenta a kan iyaka ya tsaya. Sai sun gan ta da idonsu.

Umma tana jego a lokacin, don haka Kaka ce ta ce za ta kai ta, ni kuma in bi su in yi tafinta. Kaka tun tana yarinya ta shigo Makka ta Sudan, amma Larabcinta bai wuce na cinikin tumatir ba, tarbiyyarta kuwa tana nan yadda aka baro Kano da ita. Ta ɗauki kwamitin nan kamar zuwa gaida surukai. Ta yi wa ƙanwata kitso mai tsauri har girarta ta ɗage, ta turara mata abaya, sannan ta zaunar da ita ta kama haɓarta ta ɗaga, don ta ga bakinta da kyau, ta shiga yi mata huɗuba. In kin shiga ki durƙusa ki gaishe su. Ki sunkuyar da kai. Kada ki kuskura ki ɗaga ido ki kalli babba, kada a ce 'ya'yan Takari ba su da kunya.

Na ga yadda ta ɗaga mata kai don ta gaya mata ta sunkuyar da shi, abin ya ba ni dariya, na shige bayan labule na yi abata. Ban kawo komai a raina ba.

Ɗakin kwamitin ƙarami ne, na'urar sanyi tana ta gurnani. Abla biyu ne a bayan tebur, babba mai tabarau da ƙarama mai rubutu. A kan teburin akwai katakai masu launi, da hotuna, da ragowar burodin tamis a cikin takarda. Ƙanwata ta durƙusa ta gaishe su, ta zauna, ta kafe idonta a ƙasa.

Babbar ta tambaye ta sunanta. Shiru. Ta ɗaga murya ta sake. Shiru. Ta ce ta miƙo mata jan katako. Ƙanwata tana can tana nazarin takalman abla, baƙaƙe ne, ɗaya maɗaurinsa ya kwance. Kaka ta mintsine ni a cinya, fuskarta fal murna, ta raɗa mini cewa in dubi natsuwa.

Sai abla ta juya wajen Kaka. Tana gane abin da ake gaya mata a gida? Na fassara, Kaka ta ce Alhamdulillahi. Akwai abin da yake ba ta wahala? Alhamdulillahi. Tana wasa da yara? Alhamdulillahi. A wurin Kaka, faɗin matsalar jika a gaban baƙi butulci ne ga Wanda ya ba da ita. Wannan amsa ba ta buƙatar tafinta, don haka na zauna ina kallon ƙaramar abla tana juya biro ba ta san abin da za ta rubuta ba.

Babbar ta cire tabarau ta ce wa ƙaramar, a hankali, yarinyar ba ta haɗa ido, ba ta amsawa, wataƙila abin bai tsaya a kunne ba. Biro ya sauka a kan takarda.

Ni a ajinmu Sauro ake ce mini, saboda muryata. Ban taɓa ɗaga hannu ba ko na san amsa. Na kalli burodin, na kalli maɗaurin takalmin, na kalli ƙeyar ƙanwata da kitson nan mai tsauri. Na tuna ta riga ta zaɓi ƙugiyar da za ta rataye jakarta a ajin kusa da famfo, ranar da ta raka Umma ɗaukata. Sai na ji bakina ya buɗe.

Ba wanda ya ji ni. A ɗakin gwajin ji, sai da aka kashe na'urar sanyi saboda ni.

“Abla, da baki take ji. Kaka ce ta hana ta ɗaga kai.”

Babbar ta mayar da tabaranta ta dubi Kaka. Kaka ta tambaye ni me na ce, na gaya mata, ta yi mini kallon da na san zan biya a gida. Ta ce in faɗa musu ba a gidanta yaro zai zura wa babba ido ba. Abla ta ce mata, ya khala, wato inna, ƙa'ida ta ce a gwada yaro ta hanyar da yake ganewa, in ba haka ba gwajin bai yi ba. Kaka ta tauna maganar. Can ta ce in tambaya, ita ƙa'idar, ido ta ce ko baki? Abla ta danne dariya ta ce baki ya isa.

Kaka ta miƙa hannu ta kama haɓar ƙanwata ta ɗaga.

“Baki kawai, ban da ido. In na ga kin kai hanci, ni da ke ne.”

Daga nan abu ya tafi kamar ruwa. Ta faɗi sunanta da na Baba da na unguwa. Ta miƙa jan katako, ta jera sauran, ta ba da labarin hoton kyanwa har ta ƙara wa kyanwar 'ya'yan da babu su a hoton. Aka sa mata na'ura, ta zabura da ta ji motsin kujera, sannan ta ci gaba. Idonta bai taɓa wuce leɓen abla na sama ba, don Kaka tana gefe tana gadi.

Da aka gama, babbar ta tambaye ta ko tana da abin da za ta ce. Ƙanwata ta gyaɗa kai.

“Abla, akwai ganye a haƙorinki. Tun ɗazu.”

Kaka ba ta buƙaci tafinta ba, don ta ga abla ta rufe baki da hannu. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, daga ciki muka ji tana cewa ga irinta nan, an buɗe ƙofa. Ƙaramar abla kuwa dariya ta hana ta rubutu, sai da ta share hawaye sannan ta cike takardar. Na leƙa na ga abin da ta sa: mai raunin ji.

Yanzu tare muke tafiya da safe, ta tsakanin alhazai masu komowa daga Harami. Da baya da baya take tafiya a gabana don ta ga bakina, ni kuma ina riƙe da jakarta ina karkatar da ita daga kekunan guragu. Kaka har yau ba ta janye dokarta ba. In baƙi sun zo gida, sai ta ɗaga yatsa ta nuna leɓenta, ƙanwata ta gyaɗa kai. Baƙin da suka san labarin kuwa, kafin su hawo bene sai sun tsaya a madubin shagon Baba sun duba haƙoransu.