Yadda Launin Fuskata Ya Dawo Ɗigo-Ɗigo

Assalamu alaikum. Ni ce Yagana mai ƙunshi ta unguwar Gomari a Maiduguri. Kun daɗe ba ku ga hoton hannun amarya a shafin nan ba, wasu har gida suka zo cigiyata. Yau zan faɗa muku dalili.

Wani ɗan farin tabo ne ya fara fito mini a gefen ido. Ba ƙaiƙayi, ba zafi. Na ɗauka makero ne, na yi ta shafa magani. Kafin damina ta wuce ya kewaye bakina, ya sauka yatsuna.

Wata ta ce kifi na ci na sha madara. Wata ta ce jifa ne. Ranar da na fi jin ciwo, ina riƙe da hannun wata amarya a Wulari, uwarta ta shigo ta kalli yatsuna.

"Baiwar Allah, bari kawai. Za mu nemi wata."

A Keke Napep na yi kukana har gida. Daga nan na daina fita.

Yayata, Ya Falmata, ita ta ja ni wajen likitar fata a GRA. Aka ɗebi jinina, aka haska tabon da wata fitila. Likitar ta kama hannuna ba ta ko sa safar hannu ba, ta ce, "Sunanta vitiligo. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka. Jikinki ne yake kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Amma akwai ragowarsu a gindin gashi. Hasken na'urarmu zai tashe su, su hayayyafa, su bazu."

Haka na fara zuwa a kai a kai. A sa mini baƙin tabarau, in tsaya gaban fitilu, kafin in gama salati an kashe. Wani lokaci fatar ta yi ja kamar na ƙone. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai da ɗan kunnena na zinare ya tafi.

Ana cikin haka aka fasa turakun wutar da ke shigowa gari. Maiduguri ta yi watanni ba lantarki. In je a ce babu man janareta, in dawo. Tsoro ya kama ni, na ce wahalar ta tashi a banza.

Wata safiya Ya Falmata ta juya fuskata wajen taga.

"Yagana, tsaya! Mene ne wannan?"

Ɗigo-ɗigo ne masu ruwan ƙasa a cikin farin, kowanne a gindin gashi. Muka rungume juna muna kuka. A hankali suka yi ta faɗi har suka haɗe.

Fuskata ta kusa komawa daidai. Yatsuna kuwa suna nan fari, likita ta ce inda babu gashi da wuya launi ya dawo. Na karɓa.

A bikin 'yarta, Ya Falmata ta zaunar da amarya a gabana, mata cike da tsakar gida, ta ce, "Ƙanwata ce za ta yi mata." Kafin la'asar ƙawayen amarya sun yi layi.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitata da ma'aikatanta, ya biya Ya Falmata da Aljanna.

Wanda ya ga irin tabon nan, ya je asibiti da wuri. Kada ka gasa kanka a rana da sunan magani, hasken asibiti aunawa ake yi. Kuma in ka haɗu da mai irin fatata, miƙa masa hannu ku gaisa.